Shuɗin da Na Goge a Salansar Auta

Zuwa ga ƙanwata, Uwar Tagwaye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'ya'ya da jikoki. Yaya ƙafar taki? An ce mini har yanzu sai da sanda kike hawa matakala. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Mu ma muna nan yadda kika san mu. Tarin nan nawa bai tafi ba, bai kuma kashe ni ba, mun dai zama maƙwabta. Surukarki, matar ɗana Auta, cikinta ya shiga wata na bakwai, ƙafafunta sun kumbura har ta daina taka keken ɗinki, sai ɗan aikin hannu take yi a kan tabarma. Babbar 'yata ta zo da yaranta, suka kwana biyu, suka fasa mini gilashin karatu, suka koma. Da wanda na ɗaure da zare nake rubuto miki, saboda haka in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Kin san halina, in na fara da baki, kafin in kai ga abin da ya kawo ni sai in ɓige da zagin duniya, ke kuma ki ce Yaya ka fara ko, mu rabu ba a yi maganar ba. Ban da haka, bangon gidan nan da kwali duk ɗaya ne. Maganar Auta ce, ɗan goyonki. Ranar Asabar da safe yana shirin hawa wani babur ya taho garinku, ni kuma ina so ki hana shi hawa babur ɗin. Ni ba zan iya ba, domin yau kwana uku ke nan bai dubi inda nake ba. Zan gaya miki yadda aka yi tun daga farko, har da nawa laifin, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin san shekara ashirin da shida na yi a masana'antar da muke shafa wa ƙarfe kurom, wato farin ruwan nan mai ƙyalli da kike gani a jikin salansar babur. Kafin nan na yi shekara biyar a kwalejin fasaha ina karatun halin ƙarfe, lokacin da Baba yake nuna ni da sanda yana cewa ga wanda zai ɗaga gidan. To, masana'antar yanzu katifu ake jibgewa a cikinta, wanda zai ɗaga gidan kuma yana zaune a kan benci a ƙarshen layin kanikawa, da tsumma da gwangwanin man goge ƙarfe. Farfesa suke ce mini, kuma ba don girmamawa ba. In sun ga na buɗe baki sai wani ya ce a kawo allo, za a fara lacca. Na saba. Amma abu ɗaya ban manta ba: ƙarfe ba ya ƙarya. In zafi ya fara yi masa yawa sai ya yi ruwan zuma. In ya ƙaru ya koma ruwan goro, daga nan shunayya, daga nan shuɗi. Wuyan salansa, daidai inda ta fito daga inji, nan ne babur yake faɗin abin da ke damunsa, kamar yadda likita yake cewa ki fito da harshenki.

Da Auta ya samu aiki a kamfanin kai saƙo aka ba shi sabon babur, ranar na ji kamar an mayar mini da shekara talatin. Na hana shi tayar da injin sai da na kwance salansar. Na wanke cikinta, na zuba fentin da ke jure wuta na jujjuya har ya game ko'ina, na bar ta a rana ta bushe. Na sa sabon gasket, wato zoben da ke toshe mahaɗarta da inji, don kada iska ta saci hanya. Da na mayar da ita na goge bayanta tas da sifirit, domin ko zanen yatsa aka bari da maiƙo, zafin farko zai gasa shi ya zauna har abada. Na sa ya tayar minti kaɗan ya kashe, ya bari ta huce, ya sake, har sau huɗu. Na ce masa kada ya bar babur yana kuka a tsaye yana hira, kada ya manta cok, abin nan na tayar da inji lokacin sanyi, a ja, kuma kada ya bari kowa ya taɓa masa kafireta, wato inda mai da iska suke gauraya. Ya tsuguna kusa da ni yana miƙo mini sifana yana cewa to Baba, to Baba. Ke kin san rabon da yaron nan ya ce mini to. Wata biyar salansar tana nan fara sol, ko ɗigon launi babu. Rigakafi ya fi magani, ba yau aka fara faɗa ba.

A kamfanin nasu akwai mai duba babura duk ranar Litinin. Madubi mahayan suke kiransa, don sun ce in ya sunkuya bai ga haƙoransa a jikin salansarka ba, ka shiga uku. Dokarsa ita ce duk wanda salansarsa ta yi shuɗi ɗan tsere ne, gargaɗi biyu, na uku kora. Shi kuma kamfanin, mai yake auna musu kullum, abin da ya rage a tanki na mahayi ne. Nan ne wani bakanike na layinmu ya samu kasuwa. Sha-Yanzu ake ce masa, yaro ne mai hannu, ba zan hana shi wannan ba, amma ko sunan ƙarfen da yake bugawa bai sani ba. Dabararsa ita ce ya cire ɗan ƙarfen nan mai huda da mai yake bi cikin kafireta, ya sa mai ƙaramar huda. Babur sai ya rage shan mai, mahayi ya yi murna. Abin da ba su sani ba, man nan ba ƙonewa kawai yake yi ba, shi ne kuma yake sanyaya cikin injin. Ka hana inji mai, ka cika shi da iska, kamar ka sa mutum noma da ƙishirwa ne.

Wata Lahadi da la'asar Auta ya turo babur tsakar gida yana sosa ƙeya. Tun daga bakin ƙofa na hango ruwan goro a wuyan salansar, da ɗan shuɗi a lanƙwasa. Ban tambaye shi wa ya taɓa ba, na sani. Ya ce Baba gobe Litinin, kuma duk layin nan babu mai iya fitar da wannan sai kai. Ƙanwata, nan ne na faɗi. Da na ce masa a'a, sai an mayar da kafireta yadda take, da yau ban rubuto miki ba. Amma shekara nawa rabon da wani ya ce babu mai iyawa sai ni? Na yi masa faɗa na minti biyu don kada a ce ban yi ba, sannan na ɗauko tsummana. Na goge ta har surukarki ta zo tana gyara ɗankwalinta a jiki tana dariya. Ya yi mini alkawarin zai koma wurin Sha-Yanzu a gyara. Lahadi ta zagayo, ga shi nan da babur, launin ya dawo har ya fi na da. Na sake gogewa. Haka muka yi ta yi har mako tara. Ni da na san cewa launin nan kuka ne, ni ne na riƙa toshe wa babur baki duk mako, don kawai ɗana ya tsuguna kusa da ni ya yi mini hira.

Sai ga shi ranar Alhamis ɗin makon jiya ya shigo da ledar nama da lemo, fuskarsa kamar gonar auduga. Wai Madubi ya tsayar da shi a gaban kowa ya ce duk cikinsu babu mai tattalin babur kamarsa, ga salansa nan shaida. Saboda haka an ɗauke shi daga zagayen cikin gari an ba shi doguwar hanya, ya riƙa kai saƙon asibiti zuwa garin da ke bayan tsauni, tafiyar awa biyu a babban titi. Surukarki ta rangaɗa guɗa da cikinta. Ni kuwa na ture naman gefe. A cikin gari injin yana samun hutu, nan danja, nan cunkoso, nan a tsaya a miƙa saƙo. A babban titi kuwa hannu a murɗe yake, ga hawan tsauni, ga manyan motoci a baya. Injin da ake yi wa rowar mai, in ya yi zafi haka, fistin ɗinsa, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikinsa, kumbura yake ya cije, tayar baya ta ƙame nan take ba sallama. Na taɓa riƙe irin wannan fistin a hannuna, da rami a tsakiyar kansa wanda yatsana ya shige. Mai babur ɗin ban gan shi ba, ba a bari kowa ya buɗe gawarsa ba. Garin neman gira zan rasa ido, kuma tsummana ne ya sama masa wannan hanyar.

Na bari ya gama cin abinci na kira shi ɗakina. Na kwance fulogin babur na nuna masa, fari fat kamar alli, alhali na lafiyayyen inji ruwan ƙasa yake yi. Na ce ya saurari ƙarar da injin yake yi in ya hau gada, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Na ce zan mayar masa da kafireta da hannuna, aikin rabin awa ne. Ya ce duk abokansa haka baburansu suke, wa ya mutu? Ya ce awon man doguwar hanya da ƙyar yake kaiwa, in aka mayar da babur yana sha kamar da, me zai kawo gida, ga haihuwa tafe. Na ɗaga murya, shi ma ya ɗaga. Daga ƙarshe ya ce ilimin da bai hana a rufe masana'anta ba, bai kuma hana uwarsa mutuwa a layin asibiti ba, don Allah kada in kawo shi kan tukunyar gidansa. Ranar Lahadi bai kawo mini babur ba, shi ya zauna ya goge abinsa a waje, ya riga ya koya a wurina.

Ranar Litinin ɗin nan da ta wuce, ranar da zai fara sabuwar hanya, na sa rigata mai kyau na tafi harabar kamfanin. Babura a jere, kowane mahayi a tsaye kusa da nasa, suna ta yi mini barka da zuwa Farfesa, ko an zo ganin ɗa zai ci gaba. Na wuce su na je wurin Madubi na ce ya bar kallon haƙoransa ya kwance fulogin babur ɗin ɗana. Ya ce shi takardarsa tana da gurbin taya da gurbin fitila da gurbin ƙyalli, babu gurbin fulogi. Ki ji fa, wannan shi ne mai duba babura, ni kuma mai tsumma. Na ce to ni ne na goge shuɗin sau tara, kuma in ya sa yaron nan a babban titi, alhakinsa a wuyansa. Tunda na faɗa a gaban mutane, dole ya kwance. Da ya gani sai ya ce a kwance na kowa. Mutum shida aka karɓe wa makulli a take, Auta ne na farko. Ni na zaci za a gyara babur a yi masa gargaɗi, ban taɓa kawo kora a raina ba. Yana tsaye da hular kwano a hannu ya dube ni sau ɗaya. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar ban sake jin muryarsa a kaina ba. In zai fita sai ya bi ta ƙofar baya don kada ya wuce ɗakina. Surukarki, Allah Ya yi mata albarka, tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ta gaishe ni ƙasa-ƙasa da jajayen idanu. A layi kuwa an janye mini bencina an kai bayan tulin tsofaffin tayoyi. Matar ɗaya daga cikin waɗanda aka kora ta zo har can ta ce Allah Ya isa, yaranta huɗu. Na ce mata amin, domin gaskiyarta ne. Ban damu da wannan ba, duniya ta daɗe da gama yi mini abin da za ta yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da surukarki ta raɗa mini jiya. Auta ya ce ba zai iya zama gari ɗaya da mutanen da ubansa ya raba da abincinsu ba, zai taho wurinki ya nemi aiki a wurin katakon maigidanki. Shi kuma Sha-Yanzu yana da wani babur da ya sayar wa wani mutumin garinku, sai ya ce Auta ya hau ya kai masa, ya huta da neman mota. Tafiyar wuni guda cur, ƙanwata, kin san hanyar da tsaunukanta.

Na je na ga babur ɗin. An naɗe wuyan salansar da farin ƙyallen nan mai jure wuta, wai ado. Na sa farce na ɗaga bakin ƙyallen, shuɗi ne har ya fara komawa toka, ko a masana'anta ban cika ganin irinsa ba. Ƙyallen kuma ba ya rage zafi, ɓoye shi yake yi. Na cire hulata a gaban Sha-Yanzu, yaron da na girme wa ubansa, na ce ya bar ni in gyara kafiretar kyauta, ba sai kowa ya sani ba. Ya yi dariya ya ce Farfesa ƙarfe ba ya mura, baburan da ya taɓa sun fi gashin kaina yawa. Ya ce kuma a layin nan babu wanda zai sake barin hannuna ya taɓa babur, tunda hannun nawa da baki yake tafiya. Na tsaya da hula a hannu har ya juya ya ci gaba da aikinsa. Na yi tunanin in saci makullin, ko in zuba wa tankin ƙasa. Amma na riga na yi wa yaron nan gyara da ƙarfi sau ɗaya, kin ga abin da ya haifar. In na sake, ko gawata ba zai raka ba, kuma zai samu wani babur ɗin.

Saboda haka ga roƙona. Wanda ya kawo miki wannan takarda direban motar kaya ne, Sannu-Sannu ake ce masa, don ko jaki yana iya wuce shi a hanya. Yau Alhamis da hantsi zai tashi, zai iso gare ku kafin magariba in Allah Ya so, ya juyo gobe, ranar Lahadi kuma ya sake komawa garinku. Na roƙe shi ya bar wa Auta kujerar gaba ranar Lahadin, ya yarda. Da kin karanta, kada ki jira gari ya waye, ki kira Auta. Ki ce masa kina da kayan da za a ɗauko miki a motar, kina so ya zauna kusa da su, ko ki ce kin yi mummunan mafarki, ko ki yi masa kuka kawai. Ke kika goya shi shekara huɗu bayan rasuwar uwarsa, bayanki ya sani, bai taɓa tsallake maganarki ba. Kada ki ambaci salansa, kada ki ambaci shuɗi, yana jin haka zai san bakina ne. Kuma don Allah kada ki kare ni. In ya ce na tozarta shi, ki ce haka ne. In ya ce tsufa ya taɓa mini kai, ki ce kin daɗe da lura. Duk abin da zai sa ya ji ke tasa ce, ki faɗa, na yafe tun yanzu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ni na yarda ya yanke ni, in dai zai sauka a ƙofar gidanki da ƙafafunsa biyu.

Ki roƙa mini maigidanki ya karɓe shi ko da ɗaukar katako ne. Yaron yana da ƙarfi kuma ba ya ɗaukar abin wani, taurin kan ne kawai, kin kuma san inda ya gado shi. Surukarki za ta zauna a nan har ta sauka lafiya, babbar 'yata ta ce za ta zo ta kula da ita. In an haihu, in bai so in yi wa jaririn huɗuba ba, ba zan yi jayayya ba.

Ki gaishe mini da Mai Katako da kyau, ki ce ina jin kunyar ɗora masa wannan nauyi. Ki gaida tagwaye da matansu, da Ƙaramar Gwaggo in kin leƙa ta, da Kawu Mai Agogo in har yanzu yana gane mutane. Ki shafa mini kan jikoki. Surukarki tana gaishe ki, ita ce za ta miƙa wa direba takardar, ba ta san abin da ke ciki ba, ko kuma ta sani ta yi shiru.

Ranar da zai tashi zan fita tun da sassafe in tafi bayan tayoyin nan in zauna, don kada ya tsaya a tsakar gida yana shawarar ko ya yi mini sallama ko kada ya yi. In ya iso, ki kira wayata ta yi ƙara sau biyu ki kashe. Ba sai kin ce komai ba.

Wassalam. Ni ne yayanki,
Baban Auta